Yadda ake farautar noba a majarrar Andromeda daga hamadar Saudiyya

Ɗan ƙanwata ne ya sa na zauna rubuta wannan. Wata uku yana bina duk daren da na loda kaya a bayan mota na bar Jidda, har ranar da ya gaji da riƙon tocila ya ce, "Kawu, wai me muke nema ne? Kullum hoton abu ɗaya kake ɗauka." Gaskiyarsa. Makiyayin da bai san fuskokin garkensa ba ba zai gane baƙuwar akuya ba in ta shigo. Abin da muke jira ɗigon haske ne guda, wanda jiya babu shi, yau ga shi. Masana falaki suna kiransa noba, Larabawa su ce musta'ir.

Abin da ake farauta

Sunan yana da ruɗi. Noba a harshen Latin "sabuwa" ce, alhali tauraron da ke yin ta tsoho ne tukuf. Taurari biyu ne ke kewaya juna kurkusa. Ɗayan ya riga ya ƙone mansa, ya takure ya koma abin da ake kira farin wada: girmansa kamar na duniyarmu, nauyinsa kuwa ya kusa na rana. Saboda ƙarfin jansa yana ta zuƙar iskar haidurojin daga jikin maƙwabcinsa. Iskar tana taruwa a kansa shekara da shekaru, tana danne kanta tana ƙara zafi, har ranar da ƙasan tarin zai kai miliyoyin digiri ya kama da wutar nukiliya lokaci guda. Cikin 'yan kwanaki, tauraron da madubinka ba zai taɓa gani ba sai ya yi hasken rana dubu ɗari. Ya watsar da ɓawon, ya lafa, ya koma zuƙa. Wadan yana nan da ransa, kuma nan ne noba ta bambanta da sufanoba, wadda ke kawo ƙarshen tauraron.

A majarrarmu ma, wato babban garken taurarin da ranarmu ke ciki, ana yin noba, sai dai muna cikinta, ƙura ta tare mafi yawansu, kuma sai ka share sama kaf kafin ka dace. Andromeda kuwa, wadda ake wa lamba M31, ga ta can a waje guda, nisan da haske ke shekara miliyan 2.5 kafin ya ratsa, duk taurarinta kusan nisansu ɗaya daga gare mu. Abdurrahman al-Sufi ya ambace ta tun shekarar 964 a matsayin ɗan tabo mai kama da gajimare. Ƙiyasin masana kan yawan nobar da ke tashi a cikinta ya kama daga wajen 30 zuwa wajen 65 a shekara, wato da wuya mako biyu ya wuce ba a yi ɗaya ba.

Sai ka san ma'aunin haske kafin mu ci gaba. Ana jera taurari daraja-daraja kamar sakamakon aji: na 1 ya fi na 6 haske. Ido tsirara yana tsayawa a daraja ta 6. Duk tazarar daraja 5 ninki 100 ce. Nobar Andromeda a ganiyarta yawanci tana tsakanin daraja ta 16 da ta 18, kuma ta 16 ɗin ma ta gaza abin da ido ke iya gani sau 10,000. Da kamara ake wannan farauta, leƙen ido ba ya ciki.

Da farko: zaɓi dare, zaɓi wuri

Kakar Andromeda daga Agusta ce zuwa Fabrairu. A farkon Oktoba tana kai ƙololuwa wajen tsakar dare, kowane wata kuma tana yin sammako da awa 2: farkon Nuwamba wajen ƙarfe 10, farkon Disamba wajen ƙarfe 8. Daga Makka da Jidda tana hawa digiri 70 sama da gefen sama ta arewa, daga Madina 73, daga AlUla 75. 'Yan uwanmu na Sudan su ma ba su rasa ba, a Khartum tana kai 64.

Mazaunin ƙasar nan yana da wata riba da bai sani ba: ya san kwanan watan Hijira ba tare da ya duba ba. Daga wajen 23 ga wata zuwa 6 ga mai kamawa dare ya fi duhu, lokacin aiki ke nan. Ranakun 13, 14 da 15 da ake azumin nafila su ne mafi muni, farin wata yana wanke sama. Jadawalin salla ma ya isa agogo. Kalandar Saudiyya ta Ummul Ƙura tana sa Isha minti 90 bayan Magariba, lokacin shafaƙi ya ɓace sarai, tana kuma kiran Asuba sa'ad da rana take digiri 18.5 ƙarƙashin gefen sama, kusan daidai da digiri 18 da masana falaki ke ɗauka a matsayin iyakar cikakken duhu. Daga Isha zuwa kiran Asuba, filinka ne.

Jidda ba wurin wannan aiki ba ce. Ga fitilu, ga danshin teku da ke jiƙa madubi kafin ka gama saiti. Mu kan hau ta Ɗa'if. Tsaunin Shafa ya haura mita 2,000 kuma iskarsa busasshiya ce in an dace, amma gidajen hutu sun cika shi da fitila, hazo kuma yana iya rufe ka ba sallama. Na fi son mu zarce arewa maso gabas, wajen ramin Wahba, tafiyar kimanin kilomita 250 daga Ɗa'if. Mutanen Madina AlUla ta fi musu, inda a 2024 aka amince da Manara da Garamil a matsayin wuraren da ake kare duhun samansu. Ko ina ka zaɓa, tafi da iƙamarka, ka nisanci duk wurin da aka killace, kada ka tafi kai kaɗai, ka faɗa wa mutanen gida inda ka nufa. Sa takalmi rufaffe saboda kunama. Ka ɗauki farwa ko bargo mai kauri, domin sanyin hamada a Disamba ba ya duba cewa da rana ka sha gumi. In an yi ƙura da yamma, zauna a gida ka sha shayinka.

Kaya

Madubin hangen nesa mai faɗin santimita 20 shi ne mafi ƙanƙantar da zan ce a fara da shi da gaske, mai 25 ko 30 ya fi. Koichi Nishiyama da Fujio Kabashima, Japanawa biyu masu sha'awa da suka gano noba da yawa a Andromeda, da mai santimita 40 suka yi aiki. Ƙananan na'urori masu sarrafa kansu irin su Seestar S50 suna da daɗin koyo, amma bakinsu santimita 5 ne, noba mai haske sosai kaɗai za su iya kamawa, ita ma in ta faɗo nesa da tsakiya.

In kuɗinka bai kai ka sayi komai mai kyau ba, zuba shi a gindin da madubin ke zaune a kai. Sama tana juyawa, gindin ne ke bin ta da mota a hankali, kuma in yana rawa duk taurarinka za su fito kamar waƙafi. Bayansa sai kamarar falaki mai sanyaya kanta, baƙi-da-fari ta fi mai launi jin haske, da ƙaramin madubi na biyu mai gadin tauraro guda don gyara tafiya, da kwamfutar cinya, da batir mai kai wa Asuba. Manhajoji kyauta suke: N.I.N.A. ta ɗauki hoto, PHD2 ta yi gadi, Siril ta tara hotuna, ASTAP ta gano wurin kowane tauraro, AstroImageJ ta auna haske.

Andromeda ta kai faɗin wata shida a jere, amma ba dole ka ɗauke ta duka ba. Nobobi sun fi cunkushewa a kumburin tsakiyarta. Filin da ya kai faɗin wata ɗaya, wato rabin digiri, da cibiyar a tsakiyarsa, ya isa farawa.

Ɗaukar hoto

Isa wurin kafin Magariba. Kafa gindin ya daidaita, ka jira tauraron Jadyi ya fito a arewa. A yankin Makka digiri 21 kawai yake sama da ƙasa, don haka kada ka tsaya inda dutse ya tare arewa. Saita gindin a kansa, kada ka yi gaggawa a nan.

Bayan sallar Magariba, kafin taurari su fito da yawa, ɗauki hotuna 20 zuwa 30 na sama fayau. Su ne za su nuna wa manhaja inda ƙura ta zauna a gilashi da yadda gefuna ke duhu. Sannan rufe bakin madubin ka ɗauki hotunan duhu da tsawon lokaci da sanyi iri ɗaya da na ainihin aikin. Sabon shiga yakan tsallake waɗannan biyun, ya kuma biya kuɗinsu daga baya.

Kwamfuta za ta kai ka Andromeda da lambobinta, 00h 42m 44s da +41° 16′, amma na tilasta wa yaron ya koyi nemo ta da ido. Akwai taurari huɗu da suka yi babban murabba'i, Larabawa na ce wa yankin al-Farasul A'azam. Daga kusurwarsa ta arewa maso gabas ka ƙirga taurari biyu zuwa Mirak mai ɗan ja, ka karkata arewa ka ƙirga biyu marasa haske sosai. Tabon yana gefen na biyun.

Buɗe kamara sakan 60 a kowane hoto, ka ɗauki 30 zuwa 40. In cibiyar tana ƙonewa fari fat, rage zuwa sakan 30 ka ƙara yawa. Abu ɗaya da ba na yafewa: umarci manhaja ta riƙa gusar da madubin kaɗan tsakanin hoto da hoto. Zan faɗi dalili a gaba, da kunyar da na sha. Tabbatar agogon kwamfutarka daidai yake. Wanda ke da babban madubi zai iya sa matatar da ke barin jan hasken haidurojin kaɗai ya wuce. Noba takan jima tana ƙyalli a wannan launi watanni bayan ta dusashe a sauran, matatar kuma tana danne hasken tsakiyar majarra da na gari.

Kwatanta yau da jiya

Darenka na farko ba daren gano komai ba ne. Hoton da ya fi kyau cikin dararenka na farko shi za ka ajiye a matsayin uwa, duk na baya da ita za a gwada su.

In ka tara hotunan daren yau, ba ASTAP ta ɗora musu lambobin sama, ka daidaita su da uwar tauraro bisa tauraro. Sai ka sa kwamfuta ta riƙa nuna su bi da bi, wannan, wancan, wannan, wancan. Duk abin da ke cikin biyun zai tsaya cik. Baƙo kuwa zai riƙa ƙifta maka ido. Bi filin yanki-yanki, ka ƙara girma, kada ka kalle shi gaba ɗaya.

Matsalar ita ce tsakiya, inda nobobin suka fi yawa kuma hasken ya fi makantarwa. Dabarar mai sauƙi ce: yi kwafin hoton, ka dusasar da shi har taurari su narke ya rage hazon majarra kawai, sannan ka debe kwafin daga na asali. Hazon zai tafi, ɗigogi su rage. In hannunka ya faɗa, debe uwar kanta daga hoton yau. Abin da ya saura a baƙin fili shi ne abin da ya sauya.

Ka ga ɗigo. Yanzu zama alƙali a kansa

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wannan matakin shi ne aikin. A shekarata ta farko na ga ɗigo tsaf a arewa da cibiya, babu shi a uwa. Na tashi yaron daga barci a cikin mota. Na fara tsara yadda zan faɗa a gida. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da gari ya waye na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ɗigon yana zaune a gurbi ɗaya na kamara, ƙwayar fiksel guda ce mai zafi. Ban gusar da madubi ba a daren, shi ya sa ta taru a kan kanta ta yi kama da tauraro. Da na gusar, da manhaja ta share ta.

Don haka tuhumi ɗigon kamar haka. Raba hotunan daren gida biyu, na farkon dare da na ƙarshe, ka tara kowanne daban. In ya fito a ɗaya kawai, ƙwayar zarra ce mai gudu daga sararin sama ta bugi kamara, ko tauraron ɗan adam ya gifta. Dubi siffarsa: tauraro na gaske yana da ɗan laushi a gefe, faɗinsa daidai da na maƙwabtansa. Mai kaifi kamar tsinin allura na kamara ne. Sai ka duba ko ya motsa. Duwatsun da ke yawo tsakanin Mirriku da Mushtari sukan gusa kimanin kashi ɗaya cikin 120 na digiri a awa guda, abin da za ka gani ƙarara tsakanin tarin farko da na biyu. Shafin MPChecker na Minor Planet Center zai gaya maka ko akwai sanannen dutse a wurin a wannan sa'a.

In ya tsallake waɗannan, saura masu kama da noba a sama kanta, kuma sun fi wayo. Andromeda cike take da jajayen ƙattin taurari masu kumbura da saɓewa, haskensu na hawa da sauka cikin watanni. A ganiyarsu sukan leƙo cikin hotonka kamar sababbi. Akwai kuma ƙananan taurarin majarrarmu da suka faɗo a kan layin kallo, masu yin tartsatsi na 'yan kwanaki. Saka lambobin ɗigon a VSX, kundin taurari masu sauyawa na AAVSO, ƙungiyar masu bibiyar irin waɗannan taurari, da kuma babban kundin taurari na SIMBAD. Buɗe tsofaffin hotunan sama na madubin Pan-STARRS ta manhajar Aladin ka ga ko da ma akwai wani ja-ja a gurbin. In akwai, kuma jan yana da ƙarfi, da alama tsohon ɗan gida ne.

Ko manya sun yi tuntuɓe a nan. A Oktoban 1923 Edwin Hubble yana farautar noba a Andromeda da madubin inci 100 na Dutsen Wilson. Ya sa wa ɗigo uku alamar N a kan farantin hoto. Da ya koma tsofaffin faranti sai ya ga ɗaya daga ciki yana hawa da sauka tun da daɗewa. Ya soke N ɗin ya rubuta VAR!, wato mai sauyawa. Da wannan tauraron ya auna nisan Andromeda ya nuna cewa majarra ce mai zaman kanta. Komawa tsofaffin hotuna ne ya ba shi wannan.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mai ɗaci: wani ya riga ka? Duba shafukan da ake sanar da sababbin abubuwan sama: Transient Name Server, da shafin tantancewa na CBAT, da Astronomer's Telegram. Na'urori masu share sama da kansu irin su ZTF a Dutsen Palomar da ATLAS ba sa gajiya, ga Kamil Hornoch na ƙasar Cek, ga masu kallo na Xingming a Sin. Ni dai har yau duk nobar gaske da na tsinta a hotunana na tarar an riga an sa mata suna. Amma in dare ya yi a nan, rana ce a Kalifoniya da Hawai, kuma a Nuwamba da Disamba gajimare kan rufe Turai kwana da kwanaki alhali samanmu tas take. Ƙofar ke nan.

Kai rahoto

Tun 2016 Transient Name Server ce hanyar da Ƙungiyar Falaki ta Duniya ta amince a kai irin wannan labari. Yi rajista tun kafin ka buƙata, ba ƙarfe 2 na dare hannu na rawa ba. Za su so lambobin wurin daidai gwargwadon iko, a auna su da kundin wuraren taurari na Gaia. Za su so darajar haske da matatar da ka sa, in babu matata ka faɗi haka. Za su so irin madubi da kamara, da kuma daren ƙarshe da ka ɗauki wurin ba ka ga komai ba, tare da iyakar darajar da hoton wancan daren ya kai. Wannan na ƙarshen yana da tsada a wurin masana, shi ke nuna yaushe wutar ta kama.

Kula da lokaci. Ana rubuta shi da agogon duniya, Saudiyya kuma tana gaba da awa 3. Ƙarfe 11 na daren 14 ga wata shi ne 20:00, a rubuta 14.833. Ƙarfe 1 na dare, da kalandarka ta riga ta ce 15, a agogon duniya har yanzu 14 ce, 14.917. Nan mutane ke zamewa da kwana guda cur.

Abin zai sami suna mai farawa da AT, da shekara, da haruffa, ma'ana an gani amma ba a tantance ba. Masu nazarin Andromeda suna da nasu salon: M31N, shekara, wata, da harafin jeri. Rubuta "mai yiwuwa noba ce". Kada ka wuce haka.

Gane irinta: saurin dusashewa

Ko kai ka gano ko wani, daga nan aikin naka ne, kuma a ganina nan ne mai ƙaramin madubi ya fi amfani. Koma kowane dare ka auna haskenta da taurari uku ko huɗu na kusa waɗanda darajarsu ke cikin kundin APASS ko Gaia. Taurarin nan kada ka sauya su, matatar ma haka. Zana kwanaki a kwance, daraja a tsaye.

Fara da ganiyar. Debe 24.4 daga darajar da ta kai, lambar da ke wakiltar nisan Andromeda ke nan. In ta kai 16.4, ka sami −8, daidai gidan noba, wanda yawanci ke tsakanin −6 da −9. Sufanoba a Andromeda ba za ta ɓuya ba: wadda ta tashi a can a Agustan 1885 ta kai wajen daraja ta 6.

Sai ka ƙirga kwanakin da ta ɗauka kafin ta sauka daraja 2 daga ganiya, wato haskenta ya ragu kusan ninki 6. Cecilia Payne-Gaposchkin ta tsara azuzuwan a 1957: kwana 10 ko ƙasa mai tsananin sauri ce, 11 zuwa 25 mai sauri, 26 zuwa 80 matsakaiciya, 81 zuwa 150 mai jan ƙafa, 151 zuwa 250 mai tsananin jan ƙafa. Galibi wadda ta fi haske ita ta fi saurin mutuwa, kamar wutar kara, domin wadanta mai nauyi ne, ɗan tari kaɗan ke kunna shi kuma ya watsar da shi da wuri. Na ce galibi, saboda an sami marasa haske masu sauri da suka karya ƙa'idar. Duk lissafin nan ya rataya ne a kan sanin ranar ganiya. Dare biyu da aka rasa a farko na iya mayar da mai sauri matsakaiciya a takarda. Tura ma'aunanka ga AAVSO, suna karɓa daga kowa in ya yi rajista.

Gane irinta: bakan haske

Hukuncin ƙarshe ba a hannunmu yake ba. Sai an tsaga hasken ɗigon ya bazu kamar bakan gizo, kuma a daraja ta 17 wannan aikin madubin mita 2 ne ko fiye. Liverpool Telescope da ke tsibirin La Palma ya tantance nobobin Andromeda da yawa. Amma ya kamata ka iya karanta sanarwar in ta fito.

Abu na farko da ake nema layin haidurojin ne mai haske da faɗi a nanomita 656.3 (nanomita shi ne ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi). Faɗinsa ne ke nuna gudun iskar da aka watsar: nanomita 5.5 daidai yake da kilomita 2,500 a sakan. Layukan kuma sukan ɗan gusa zuwa shuɗi, domin Andromeda tana nufo mu da gudun kimanin kilomita 300 a sakan. Tauraron majarrarmu da ya yi shigar burtu ba zai nuna wannan haɗin ba, jan ƙaton nan kuma bakansa cike yake da duhun gaɓoɓi irin na tauraro mai sanyi.

Robert Williams ya raba nobobi gida biyu a 1992, bisa layukan da suka fi ƙarfi bayan na haidurojin. In na ƙarfe ne, a nanomita 492, 502 da 517, sunanta Fe II. Layukanta ba su cika faɗi ba, yawanci ƙasa da kilomita 2,500 a sakan, kuma takan dusashe a hankali. In na hiliyam da naitirojin ne, sunanta He/N: layuka masu faɗi da shafaffen kai, gudu mai tsanani, mutuwa da wuri. Akwai 'yan tsiraru da ke farawa a gida ɗaya su ƙare a ɗayan. Binciken da Allen Shafter da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ya nuna kusan huɗu cikin biyar na nobobin Andromeda da aka tsaga haskensu Fe II ne. Ajiye zanenka kusa da sanarwar ka gwada. In naka ya ce kwana 6 kuma suka ce He/N, kun haɗu. In naka ya ce kwana 60 suka ce He/N, koma ka binciki taurarin da ka auna da su.

Saura tambaya guda: ta taɓa tashi a wannan gurbin? Gwada lambobinta da jerin tsofaffin nobobin Andromeda. In sun faɗa kan juna, wataƙila mai maimaitawa ce, kuma su ne masana suka fi kwaɗayi. Sarauniyarsu ita ce M31N 2008-12a, wadda Nishiyama da Kabashima suka gano a Disamban 2008. Kusan kowace shekara take tashi, babu wadda aka sani da ta fi ta yawan maimaitawa. Wadanta ya kusa ninki 1.4 na nauyin rana, iyakar da farin wada ke iya ɗauka. Ba ta wuce wajen daraja ta 18, kuma cikin kwana biyu ta sauka daraja 2, don haka wanda ya yi fashin dare uku ya rasa ta sai baɗi. Tana can arewa maso gabas da cibiya, a waje da filin rabin digirin da muka saba ɗauka, shi ya sa na ware mata minti 20 a ƙarshen kowane zama. Wannan aikin yanzu na yaron ne. Shi ke juya madubin, shi ke rubuta lokaci da agogon duniya a littafi, in babu komai ya rubuta "babu" da iyakar darajar da hoton ya kai, sannan mu naɗe wayoyi kafin a kira Asuba.